Injin tanin ya gaji, jari kuma kaɗan ne: lissafin kafintocin Funtuwa da Malumfashi

A yankin Funtuwa da Malumfashi, kuɗi da kaka suke tafe. Sai masara ta shiga buhu, an casa waken suya, manyan motoci sun ja layin lodi a kasuwannin Dandume da Bakori, sannan ake fara jin maganar sa rana a gidaje. Uban da ya sayar da amfanin gonarsa shi ne zai nufi shagon kafinta ya ba da aikin gado da kujeru da teburin madubi na 'yar da zai aurar. Daga nan har sanyi ya wuce, kafinta ba ya samun sukunin cin abinci a zaune. Saboda haka wanda injinsa na tanin ya tsaya a watan Agusta ko Satumba ya shiga tsaka mai wuya. Shi ma manomi ne kamar kusan kowa a nan. Abin da ya tara ya riga ya tafi a taki da ladan 'yan ƙwadago, ga shi kuma aiki zai yi sallama nan da wata biyu.

Ga wanda bai taɓa tsayawa ya kalla ba, injin tanin ba shi da wani sarƙaƙiya. Gado ne na ƙarfe. A hannun hagu akwai kai mai ɗauke da sandar da moto ke juyawa da bel, a hannun dama kuma wani kan mai tsini da ake turawa gaba da baya. A maƙale katako a tsakaninsu ya riƙa juyawa, mai aiki ya ɗora cizal a kan matokari yana fere shi, har guntun katako mai kusurwa huɗu ya koma ƙafar kujera mai wuya da ƙugu. Ba kowane shago ke da shi ba. Sau da yawa inji ɗaya ne ke ɗauke da kafintocin layi guda, kowa ya aiko yaronsa da katako a kafaɗa, a yi masa a biya kuɗin aiki. Idan ya tsaya, ba mai shi kaɗai ke ji a jika ba.

Sassaƙa dai ta girmi tanin nesa ba kusa ba. Turmi da akushi da kujera 'yar tsuguno da allon karatu duk gatari da gizago ne suka fitar da su, kuma har gobe haka ne. Injuna sun biyo hanyar jirgi da auduga. Layin dogo da ya tashi daga Zariya ya nufi Gusau da Ƙauran Namoda a ƙarshen shekarun 1920 ya ratsa Funtuwa, Turawan kamfanin auduga suka kafa injinan gurza a yankin, daga baya masaƙar Funtuwa ta zo a ƙarshen shekarun 1970. Wannan tarihin yana da amfani ga kafintan yau ta fuska ɗaya: ya bar wa garin masu walda, da masu naɗin wayar moto, da masu tanin ƙarfe waɗanda ke gyara wa manyan motoci da taraktoci kaya. Duk injin da waɗannan mutane za su iya buɗewa su gyara, injin kirki ne a nan. Wanda kuwa sai an aika Legas ko Guwanzu kafin a samu abin da ya karye a cikinsa, ko kyauta aka ba ka, ka yi tunani.

Kafin farashi, wuta

Kuskuren da aka fi yi shi ne a tafi kasuwa a fara da tambayar nawa ne. Tambayar farko a shago ya kamata a amsa ta: me zai juya injin?

Tun bayan sayar da kamfanonin rarraba wuta a 2013, jihohin Kano da Katsina da Jigawa suna hannun KEDCO. A watan Afrilun 2024 aka ƙara wa masu rukunin farko kuɗi zuwa naira 225 kan kowane yunit, bisa alkawarin wutar sa'a 20 a rana, amma rumfar kafinta da ke bakin kasuwa ko gefen gari ba kasafai take cikin wannan sahu ba. Kuma ba a manta da watan Oktoban 2024 ba, lokacin da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka samu matsala aka shafe fiye da mako guda cikin duhu, daidai lokacin da aikin kaka ke kankama. Mai hankali ba zai gina sana'arsa kan wutar gari kaɗai ba.

To, janareta fa? A nan ne lissafin takarda ke yaudarar mutane. Moto mai ƙarfin doki ɗaya wat 746 ne a rubuce, sai mutum ya dubi ƙaramin janaretansa irin Tiger ɗin nan da ake kallon ƙwallo da shi ya ce ai ya kusa isa. Ba zai isa ba. A daƙiƙun farko da moto ke ƙoƙarin tashi, yana jan wuta ninki biyar ko shida na abin da yake ci idan ya miƙe. Ƙaramin janareta sai ya yi gurnani ya durƙushe, moton ya tsaya yana ƙugi, in ba a yi saurin kashewa ba a ji ƙaurin waya. Haka nan idan wutar gari ta zo da rauni, irin wadda ƙwai ke ci ja-ja-ja: moto na jan fiye da ƙima yana zafi har kwal ɗinsa ya ƙone. Motoci da yawa da ake zagin ƙasar da ta ƙera su, wutar da aka ba su ce ta kashe su. Doki ɗaya yana son janaretan da ya ninka shi wajen sau uku, kuma tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki, ta kuma taɓa dubu kafin ƙarshen 2024. Dole wannan ya shiga farashin kowace ƙafar kujera.

Akwai hanya ta uku da manoman yankin suka fi kowa sani: injin fetur irin na markaɗe da ban ruwa, wato samfurin Honda GX160 da 'yan uwansa na Sin da suka cika kasuwa. A haɗa shi da bel kai tsaye, ba ruwanka da janareta. Ƙarfinsa wajen doki biyar ne, kayan gyaransa kuwa ko a ƙauye ana samu, kuma duk yaron da ya taɓa noman rani ya iya wanke kafiretonsa. Illarsa ita ce gudu da jijjiga. Yana iya kaiwa juyi 3,600 a minti, don haka sai an sa wata sanda a tsakani mai manyan fuli ta rage gudun, a kuma kafa shi a dandamalinsa daban, can waje, saboda hayaƙi da karkarwa. Sannan a yi dabarar sassauta bel da hannu ko ƙafa, domin mai tanin yana tsayar da katako sau da yawa ya duba, ba zai yiwu kullum sai an sake jan igiya ba.

Sola tana shigowa shaguna, gaskiya ne, amma wadda za ta tashi moto ta riƙe shi yini guda ta fi ƙarfin wanda muke magana a kansa.

Kasuwa uku

Idan an gama da wuta, sai a dubi inda za a nufa. Daga Funtuwa, Zariya da Kaduna ne kusa. Daga Malumfashi kuma hanyar Dayi da Gwarzo ce ke kai mutum Kano.

Sabon inji kusan duk na Sin ne. Yana da kyau a ido, fenti na sheƙi, ga takarda a kwali. Amma dala ce ta kawo shi, dalar da ke wajen naira 460 a farashin gwamnati a watan Mayun 2023 ta wuce 1,500 a farkon 2024. Mai ƙaramin jari idan ya dage sai sabo, mafi ƙanƙanta zai samu, irin mai gadon bututu ko na faifan ƙarfe da mutum ɗaya ke ɗauka da hannu. Wannan an yi shi ne don Baturen da ke rage lokaci a garejinsa ranar Lahadi, ba don wanda zai fitar da ƙafafun kujeru tun safe har la'asar ba. Araha ba ta ado. Na sama da shi, mai gadon zubin ƙarfe da hannun canza gudu, ba laifi, sai dai fulin da ke buɗewa yana rufewa a cikinsa na ƙarfe ne mai taushi, yana ci yana tsagewa, kuma ba a rumfar kowa ake samunsa ba.

Sai tsofaffin injunan Turai da ke zuwa a kwantena cikin kayan gwanjo. Idan mutum ya ga suna irin su Wadkin na garin Lesta, ko Union Graduate da aka cika makarantun Ingila da shi, ko Myford, ko Record na Shefil, to ya ga ƙarfe. An zuba su da nauyi, nauyin kuwa shi ne ke shanye jijjiga. Sun girmi mai sayensu, kuma suna iya binne shi. Amma tarkonsu uku ne, kuma duk a ɓoye suke. Na farko, wuta: da yawansu masu layi uku ne, wato tiri-fes, wutar masana'anta, alhali shago layi ɗaya gare shi mai bolt 230. Wanda ya fito daga Amurka kuma an yi motonsa ne don bolt 110 zuwa 120. Duka biyun ana magance su da canza moto, amma a cire kuɗin moton daga farashi tun a wurin ciniki. Na biyu, ɓataccen kaya: sau da yawa kan dama ko matokari ya salwanta a hanya, mai kaya kuma zai ce, "Ai wannan ƙaramin abu ne, Alhaji, mai walda zai haɗa maka." Ba ƙaramin abu ba ne, rabin injin ne. Na uku shi ne haƙoran da ke bakin sanda, inda ake ɗaura faranti ko cok. Kowane kamfani da nasa. Na Turai na zamani yawanci M33 ne, na Amurka inci ɗaya mai haƙori 8, tsohon Record kashi uku cikin huɗu na inci mai haƙori 16, Myford ML8 inci ɗaya mai 12. Idan injin bai zo da farantinsa ba, sai an je wurin mai tanin ƙarfe ya yanka sabo.

Duk lokacin da ake wannan magana sai na tuna injunan koyar da sana'a da aka shigo da su daga ƙasashen Gabashin Turai bayan fara tsarin karatu na 6-3-3-4 a 1982. Da yawansu a cikin akwatunansu suka tsufa a makarantun ƙasar nan, don babu wutar juya su, babu kuma wanda aka koya wa. Gwamnati ma ta sayi inji kafin ta tambayi wuta.

Inji na uku shi ne haɗin gida, kuma a ganina shi ya fi dacewa da yawancin masu ƙaramin ƙarfi. A Panteka ta Kaduna ana ƙera injuna iri-iri, a Ƙofar Ruwa ta Kano ana samun ƙarfe da tsofaffin motoci, kuma mai walda na ƙwarai a Funtuwa ko Malumfashi zai iya haɗa shi idan an tsaya a kansa. Kayan ba su da yawa: ƙarfen canel biyu masu kauri su zama gado, boris biyu irin masu gidansu da ake ɗaurewa da noti, sanda, fuli mai hawa uku ko huɗu, sai moto. Duk abin da ya lalace a cikinsu, irinsa ne ke cikin injin niƙa da injin casar masara, don haka yana kasuwa. Sharaɗin dai a tsaya a kai. Zafin walda yana lanƙwasa ƙarfe, idan aka yi gaggawa gadon zai fito a karkace, tsinin dama ba zai kalli na hagu ba. Sandar kuma kada a yarda mai walda ya yanko rodi ya goge da giranda. A kai wa mai tanin ƙarfe ya fitar da ita daidai da ramin boris.

Wurin moto a nemi mai juyi 1,400 a minti, ba mai 2,800 ba. Lissafin fuli kuwa ko yaron shago zai iya: idan na jikin moto inci 3 ne, na jikin sanda inci 6, gudun ya koma 700. In girmansu ɗaya, 1,400. In aka juya su, 2,800. Masu tanin na ƙasashen waje suna da wani ma'auni da ya cancanci a rubuta a bangon shago: kaurin katako a inci, idan aka ninka shi da yawan juyi, ya faɗa tsakanin 6,000 da 9,000. Wato ƙafar kujera mai inci 3 tana son juyi 2,000 zuwa 3,000, amma akushi mai faɗin inci 12 kada ya wuce 750. Katakon da ba a gama daidaita shi ba kuma da mafi ƙarancin gudu ake fara shi. Saboda haka idan ana duba inji, gudunsa na ƙasa ya fi na sama muhimmanci. Kututturen da ya ƙwace yana cikin gudu ba ya tambayar wa ke tsaye a gabansa.

A gaban mai kaya

Kada a je hannu rabbana. A tafi da guntun katako busasshe, da cizal ɗinka da ka saba da shi, in da hali da mai naɗin wayar da ke yi maka aiki. Kuɗin motarsa da na abincinsa ba asara ba ne.

Kafin a kunna, cire bel. Kama bakin sandar ka girgiza ta sama da ƙasa, sannan ka ja ka tura. In ka ji ɗan ƙas-ƙas, boris ya tafi. Wannan ba abin fasa ciniki ba ne, domin lambar boris na rubuce a jikinsa kuma ana samu, amma abin rage kuɗi ne. Juya sandar da yatsa ka saurara: ta tafi sumul, ko kuwa kamar akwai yashi a ciki? Sai ka turo kan dama har tsininsa ya kusa taɓa na hagu, ka durƙusa ka duba ta gefe, ka miƙe ka duba ta sama. Baki da baki ya kamata su haɗu. Ka ɗaure hannun kulle kan daman, ka sa ƙarfinka ka tura shi. In ya zame, haka zai zame da katako a kai. Shafa gadon da tafin hannu daga farko har ƙarshe. Tsatsa ba komai ba ce, samfefa da baƙin mai za su ɗauke ta. Abin tsoro shi ne tsaga a zubin ƙarfe, musamman wadda aka like aka shafe da sabon fenti. Duk inda ka ga fenti ya fi na kewayensa sabunta, ka kankare da farce.

Daga nan a kunna, ba na minti ɗaya ba. Mai kaya zai so ya tayar ya kashe ya ce, "Ka ji muryarsa, Oga, lafiya lau." Bar shi ya yi kwata na sa'a yana aiki, ka ɗora katakonka ka ci shi da ɗan ƙarfi ka ga ko gudu zai faɗi. Sannan ka kashe ka dafa moton da gidan boris. Ɗumi ba laifi ba ne, amma in hannu ba ya iya zama, akwai magana. Moton da ke ƙugi sai an murza shi da hannu kafin ya tashi, yawanci kafasita ce ta mutu, ita kuma ba ta da tsada. Wanda ke warin ƙonanniyar waya kuwa, an riga an taɓa shi ko ana gab da taɓawa.

Me za a fere, kuma da wane ice?

Tsawon injin aikin da ke shigowa ne ke yanke shi. Ƙafar kujera da ta tebur ba su kai mita ba, ginshiƙin gado da sandar labule sun fi haka. Sai dai kowa ya san yayi ya juya: amaren yanzu sun fi son gado da durowa na allon MDF mai santsi, wanda ba ya buƙatar tanin ko kaɗan. Mai injin da ya dogara da kayan ɗaki kaɗai zai ga aikinsa na raguwa. Abin da ke cike gurbin yana kasuwar ƙauye: muciya, maburgi, taɓarya, ƙotar shebur da ta diga da ta guduma. Ƙotar fartanya da ta gatari ba sa ciki, domin su lanƙwasar reshe ake bi, aikin masassaƙi ne. Turmi ma a bar wa gizago, nauyinsa ya fi ƙarfin irin waɗannan injuna. Amma taɓarya doguwa ce, kuma da ice mai nauyi irin ƙirya ake son ta. Wanda ke da niyyarta ya nemi gado mai tsawo da moton da bai gaza doki ɗaya ba. A nan ma haɗin gida ya yi zarra, tun da kai ne za ka faɗi tsawon.

Icen kansa ya zama abin lissafi. Dazuzzukan da ke yamma, wajen Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara har zuwa Birnin Gwari, inda a da ake samo ƙirya da marke da maɗaci, shekaru ke nan matsalar 'yan bindiga ta sa shigarsu sai da shahada. Madobiya kuwa 'yan kasuwar da ke kai ta Sin sun yi mata wawa a faɗin Afirka ta Yamma, har aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke taƙaita cinikinsu daga farkon 2017. Abin da ya rage wa mai tanin shi ne katakon Kudu da ke zuwa 'yan katako, da malaina, da turare, da bedin da ke bakin hanya da cikin gari. Bedi yana feruwa da kyau in ya bushe. Ɗanye kuwa ko wane iri ne zai yi daɗin yanka, sannan ya tsage a ɗakin amarya bayan wata guda idan iskar hunturu ta buge shi, a dawo ana neman kafinta.

Kada jarin ya ƙare a kan inji

Ko adashi aka ɗauka, ko rago aka sayar, ko wani ɗan uwa ne ya ranta zuwa kaka, kada a zube kuɗin duka a hannun mai inji. A ware kamar kashi ɗaya cikin uku. Akwai kuɗin ɗauko shi, akwai sabon bel da boris, akwai waya mai kauri da makunni na kirki wanda hannu zai kai gare shi ba tare da an tsallaka katako ba. Akwai siminti, domin injin da aka dasa ƙafafunsa a kankare ya fi wanda ya ninka shi tsada yana rawa a kan turɓaya. In shagon haya ne, buhunan yashi a kan ƙafafun suna yin aikin.

Sannan cizal da abin wasa shi. Inji mai kyau da dakusasshen cizal yagar katako kawai zai yi, a ƙare da cin samfefa. Cizal na ƙarfen HSS yana daɗewa bai dakushe ba, ko biyu aka samu sun isa a fara. Maƙeranmu suna fitar da masu kyau daga tsohon sifirin ɗin mota. Abin da ba a so shi ne a wasa tsohuwar magagari a mai da ita cizal, kamar yadda wasu ke yi: ƙarfenta gautsi gare shi, in katako ya cafke ta tarwatsewa take yi. A sayi gilashin kare ido da abin rufe hanci, a kuma kafa wa yara doka cewa ba a tsayawa gaban tanin da kaftani mai sakakken hannu ko carbi a wuya.

An buɗe tashar sauke kaya ta kan tudu a Funtuwa a 2024, kuma in harkarta ta kankama wataƙila wata rana kwantenar tsofaffin injuna ta sauka a nan maimakon a bi ta Kano ko Legas. Wannan na gaba ne. Kafin nan, tsohon injin da ya tsaya kada a yi saurin kiran 'yan gwangwan su ɗora shi a sikeli. A kwance moton a kai wa mai naɗi ya gwada, a ajiye fuli da faranti da matokari da kan dama. In gadon bai tsage ba, sau da yawa sabuwar sanda da boris biyu ne kawai tsakaninsa da komawa aiki, kuɗinsu kuma bai kama ƙafar na wani injin ba.